IYAFIS KO HEDIFON: WANNE NE BA ZAI CI MAKA KUNNE BA?

 

Akwai tambayar da ta yi ta maimaituwa a saƙonninku, kuma yawanci iyaye ne ke yin ta: Malam, yaro ya matsa a saya masa abin sauraro, wanne ya fi lafiya, ɗan ƙaramin iyafis da ake cusawa a kunne ko babban hedifon da ake kifawa a kai? Wasu kuma don kansu suke tambaya: masu sauraron karatu da tafsiri a waya, teloli, ɗalibai, masu tuƙa adaidaita. To amsar ba ta samuwa sai an fara sanin abin da ke lalata ji.

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan kwarkwaro mai kama da gidan katantanwa. A cikinsa Allah ya shimfiɗa wasu 'yan halittu masu kama da gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da dawa a gona. Idan na ɗan lokaci ne, sai su miƙe. Idan abin ya daɗe, sai su mutu, kuma wanda ya mutu ba ya sake tohowa. Na shekara da shekaru ina harkar itatuwa, ina faɗa muku babu saiwa, babu ganye, babu man da ke dawo da su. Wanda ya ce yana da shi, ku riƙe kuɗinku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. A 2019 ta fitar da ma'auni: ƙara mai ƙarfin desibel 80, wato kusan hayaniyar titi mai cunkoso, babba zai iya jure ta awa 40 a mako. Ta kai 90, awa 4 kacal. Ta kai 100, minti 20 ne a mako gaba ɗaya, ba a rana ba fa. Yara kuwa 75 aka ɗiba musu. Wayar da ke hannunka, idan ka ƙure murya, tana iya wuce 100 ɗin nan. Ashe ke nan abu biyu ne ke cin kunne: ƙarfin murya da tsawon lokaci. Siffar abin sauraro ba ita ce ke cizo ba, amma ita ce ke sa ka ƙara murya ko ka rage. Nan zaɓin yake.

Mu fara da wanda ya fi yawa a hannun jama'a, ɗan farin iyafis mai kan roba mai tauri, wanda ke zama a bakin kunne ba tare da ya toshe ba. Shi ne mai araha, a da ma tare da waya ake bayar da shi. A ɗaki shiru ba shi da laifi. Matsalarsa tana farawa ne da ka fita. Da yake bai toshe ƙofa ba, ƙarar janareta da injin markaɗe da hon ɗin motoci duk suna shiga, kai kuma kana son jin abin da malami ke faɗa, sai babban yatsa ya yi ta danna ƙari ba ka ma sani ba. Ka shiga adaidaita daga Sabon Gari zuwa Ƙofar Wambai da murya a rabi, ka duba in ka sauka, za ka tarar ta kusa ƙurewa. Wannan iri shi ne na fi jin tsoro ga ɗan kasuwa da mai aiki kusa da inji, duk da shi ne mutane ke ganin ya fi sauƙi.

Sai mai roba mai laushi a baki, wanda ake turawa cikin ramin kunne. Mutane da yawa suna ganin ya fi illa don ya fi kusa da dodon kunne. A wajen ƙara dai ba haka ba ne. Da yake yana toshe hayaniyar waje, ƙaramar murya ta ishe ka, in dai robar ta yi daidai da kunnenka. Shi ya sa ake haɗo shi da roba girma uku, ƙarama da matsakaiciya da babba. Yawancinmu jefar da sauran muke yi tun a shago. A'a, ku gwada su, wani ma kunnensa na dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba.

Illarsa ta wani waje ce. Kunne yana wanke kansa, dauɗar da ke ciki tana tafowa waje a hankali, shi kuma wannan yana mayar da ita yana dannewa. Sannan yana riƙe gumi da laima, ga ƙasarmu da zafi. Inda ɗumi da laima suka haɗu a rufe, nan ƙwayoyin cuta da funfuna ke samun gida, sai ƙaiƙayi, sai zafi, sai ruwa. Ga wani abu da ya shafe mu mu masu alwala sau biyar: an shafi kunne, ana idar da sallah sai a mayar da iyafis kan danshi. Ka bari ya bushe tukuna, ka goge bakin kunnen da gefen mayafi ko hankici mai tsabta. Kuma kada a riƙa aron sa. Kamar asuwaki ne, kowa da nasa. Mai ciwon suga da wanda kunnensa ke yawan ruwa, wannan iri ba nasu ba ne sam.

Babban hedifon mai soso, wanda ke rufe kunne ruf, shi ne zaɓina ga mai zama wuri ɗaya yana dogon sauraro: mai hadda, ɗalibi, mai aiki a kwamfuta. Ba ya shiga rami, ba ya danna dauɗa, kuma yana tare hayaniya daidai gwargwado. Laifinsa zafi ne, a watan Afrilu kam sai ka ji kamar an ɗaura maka murhu, sai a riƙa cirewa ana shan iska, wanda dama hutun alheri ne ga kunnen. Akwai ƙaninsa da ke zama a kan fatar kunne ba ya rufewa. Wannan ga matsi ga shigar hayaniya, ban ga abin da ya fi da shi ba.

Za ku ji masu shago a kasuwar waya irin ta Farm Centre suna tallan mai kashe hayaniya. Gaskiya ne yana aiki. Yana da ɗan makirufo da ke ɗaukar ƙarar waje, sai ya fitar da kishiyarta, su kashe juna. Ya fi tasiri kan ƙara mai ɗorewa irin gunjin janareta ko na injin mota, muryar mutane kuwa tana ratsowa. Mai hali ya saya, amma ya gwada a nan shagon, ya kunna ya kashe ya ji bambanci da kunnensa, don rubutun kwali ba shaida ba ne.

Duk wannan yabon toshewa da na yi, ban da wanda ke kan titi. Direba, ɗan acaba, mai keke, har mai tafiya a ƙasa gefen kwalta, kunnensa shi ne idonsa na ƙeya. In ya zama dole saboda amsa kira, to ɗan Bluetooth na kunne ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Akwai kuma wani iri da ke zama a kan ƙashin gaban kunne, yana aika sauti ta ƙashi, ramin kunne na buɗe. Yana da kyau ga mai tafiya da mai ciwon ramin kunne, amma kada a ruɗu: sautinsa wannan kwarkwaron dai yake zuwa, in ka ƙure shi zai yi ɓarna iri ɗaya.

Maganar da ake yaɗawa cewa marar igiya yana dafa ƙwaƙwalwa, ku daina tura ta. Ƙarfin da Bluetooth ke fitarwa bai kai na ita kanta wayar da kake karawa a kunne ba. Mai igiya ko marar igiya, wannan maganar aljihu ce da caji.

Ko wanne ka saya, kada murya ta wuce kashi 60 cikin 100, kuma duk bayan kamar awa guda ka cire ka huta. Gargaɗin nan da waya ke fitowa da shi in ka ƙara murya, ba ado ba ne. Kwana da iyafis a kunne, ko da karatu ake ji, a daina; a ajiye wayar a gefe ta yi a hankali, ai kunne zai ji. Na yara, iyaye su saita da kansu, su kuma riƙa karɓa suna sawa a nasu kunnen su ji.

In ka cire ka ji kunne na kuka "shiii", ko maganar mutane ta zama kamar daga cikin tulu, ko kana yawan cewa "na'am? me ka ce?" a cikin taro, kunne ya fara kai ƙara. A nan ne ake garzayowa wurinmu neman man tafarnuwa ko na habbatus sauda a ɗiga. Ba na bayarwa sai likita ya leƙa, domin in dodon kunne ya huje, duk abin da aka ɗiga ciki yake wucewa ya ƙara ɓarna. A je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro a auna ji. Akwai su a asibitocin koyarwa, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Wanda kuwa ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kada ya jira sati, ya tafi a ranar, don maganin wannan yana da kwanakin da yake ci.