Abin da ya kamata ku sani: Jam'iyyar dattawa da taron matasa

Mece ce matsalar?

Kowace jam'iyya tana da mutanen da take dogaro da su ranar zaɓe. Wata ta dogara da manoma, wata da ma'aikata, wata kuma da dattawa masu son a bar al'amura yadda aka gada. Irin wannan ta ƙarshe ita ake kira jam'iyyar 'yan mazan jiya. To amma jama'ar ƙasa ba a tsaye take ba. Tsofaffi suna rasuwa, yara suna cika shekara 18, ƙauyawa suna komawa birni. Idan kason mutanenku cikin masu ƙuri'a yana raguwa kowane zaɓe, za ku iya riƙe su duka, babu wanda ya sulale, amma ku faɗi.

A ina aka fi ganin haka?

A Amurka. Jam'iyyar Republican ta daɗe tana jingine da fararen fata masu manyan shekaru. A 2012 ɗan takararta Mitt Romney ya samu kusan kashi 59 cikin ɗari na ƙuri'un fararen fata, duk da haka Barack Obama ya kayar da shi. Ƙidayar 2020 ta nuna fararen fata waɗanda ba 'yan asalin Latin Amurka ba sun koma ƙasa da kashi 58 na jama'a. A Birtaniya ma, a zaɓen 2024, jam'iyyar Conservative ta tsira da kujeru 121 kacal, kuma akasarin waɗanda suka tsaya mata tsofaffi ne.

Mu ina ruwanmu da wannan?

Mun ga irinsa, sai dai namu ba na launin fata ba ne. A 1943, a nan Bauchi, Malam Sa'adu Zungur da wasu matasa 'yan boko, ciki har da Malam Aminu Kano da ke koyarwa a garin, suka rinƙa taruwa suna tattauna yadda En'e, wato hukumar gargajiya, ke tafiyar da mulki. Irin wannan tunani ne ya haifi jam'iyyar NEPU a Kano a 1950. Ita kuwa NPC ta Sardauna ƙarfinta na hannun sarakuna da hakimai da dagatai: abin da mai gari ya ce, shi magidanta ke bi.

Ku lura da yadda dokar zaɓe ta taimake ta. A 1951 zaɓen hawa-hawa aka yi: talakawa su zaɓi wakilai, wakilai su zaɓi wasu, En'e kuma ta cusa nata mutanen a hawa na sama. NEPU ta yi rawar gani a hawan farko a Kano, amma kafin a kai ƙarshe an tankaɗe ta. A 1959 NPC ta ci kujeru 134 na majalisar wakilai, NEPU ta ci 8, kuma a lokacin matan Arewa ba su da ƙuri'a ko ɗaya, duk da gwagwarmayar su Hajiya Gambo Sawaba. Sai a 1976 suka fara jefawa. Da aka zo 1979, ga mata, ga 'yan shekara 18 a layi, PRP ta Malam Aminu ta kafa gwamnati a Kano da Kaduna. Bauchi dai NPN ta riƙe ta da Abubakar Tatari Ali, wanda ke nuna muku ba ko'ina iskar ke kaɗawa da ƙarfi ɗaya ba.

Yau fa, su wa abin ya shafa?

Duk jam'iyyar da har gobe take lissafin cewa in ta samu mai unguwa da 'yan kasuwa uku ta gama da mazaɓa. A rajistar INEC ta 2023, cikin mutum miliyan 93.4, kusan kashi 40 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. Waɗannan ba su ga Jamhuriya ta Biyu ba, ba sa gadon jam'iyya kamar gona. Bauchi ta nuna haka a 2019: ta ba Buhari na APC ƙuri'a, bayan 'yan makonni ta sauke gwamnan APC ta ɗora Bala Mohammed na PDP.

Ke nan matasa ne da nasara?

A'a, kada ku yi saurin yanke hukunci. Yawa ba ya jefa ƙuri'a da kansa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 na masu rajista ba. Ku leƙa rumfar zaɓe a Zungur da sanyin safiya: dattijo ya idar da asuba, katinsa na aljihun gaba na rigarsa, ya kama layi tun ma'aikata ba su iso ba. Jikansa kuwa yana shagon cajin waya yana zazzaga musu a Facebook, katin ma bai je ya karɓa ba. Jam'iyyar da ta san wannan ba ta firgita da ƙidaya.

Sannan sababbin masu ƙuri'a ba mallakin kowa ba ne. An yi ta cewa Republican ta mutu, sai ga Donald Trump a 2024 ya kwashi kusan rabin ƙuri'un 'yan asalin Latin Amurka, galibi saboda tsadar rayuwa.

Nawa ne kuɗin gyara?

Ga jam'iyya, tsadar ita ce ɓacin ran iyayen gida, domin duk kujerar da aka ba yaro, wani babba aka hana. Ga matashi kuwa, tsabar kuɗi ce. Dokar da aka sa wa hannu a 2018 ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Amma a 2022 fom ɗin APC na majalisar jiha naira miliyan 2 ne, na majalisar wakilai miliyan 10, na shugaban ƙasa miliyan 100. Ko da rangwamen rabi da aka yi wa 'yan ƙasa da shekara 40, ɗan shekara 25 mai tuƙa Keke Napep a Wunti sai ya nemi uban gida, kuma uban gidan nan dattijo ne.