Kujerar da ke yaudarar jiki: me ya sa 'yan tseren mota na kwamfuta suka koma ƙera tasu a gida

A watan Maris na 2020, da annobar korona ta sa aka rufe filayen tsere, direbobin Formula 1 da na NASCAR sun koma fafatawa ta kwamfuta daga gidajensu. Tashar Fox ta Amurka ta riƙa nuna tseren wasan iRacing kai tsaye, har wani zagaye ya samu masu kallo sama da miliyan ɗaya. Nan jama'a suka ga abin da manyan direbobi ke atisaye da shi: kujera, sitiyari, birki da totur, sai allo. Kasuwar kayan ta buɗe. Amma cikin masu sayen akwai waɗanda sitiyari kaɗai bai ishe su ba. So suke idan sun taka birki kujerar ta tuntsura da su gaba, idan sun sha kwana ta karkata. Da yawansu kuma ba saye suka yi ba, zama suka yi a gareji suka ƙera.

Dabarar ta tsufa. Tun 1929 Edwin Link ya haɗa na'urar koyon tuƙin jirgin sama a Binghamton ta jihar New York, da zugazugin da ake sa wa kayan kiɗa a masana'antar mahaifinsa. A 1965 wani injiniyan Birtaniya, D. Stewart, ya wallafa tsarin dandamali mai motsi ta fuskoki shida, irin wanda ake horar da matuƙan jirage a kai har gobe. Abin da ya sauya shi ne farashi. Kayan kamfani irin na D-BOX ta Kanada dubban daloli ne, alhali sassan da ake buƙata sun zama na kowa da kowa.

A dubi mafi arha daga ciki. Mutum ya samo injin waifar mota guda biyu masu aiki da volt 12, ya ɗora kujera a kan gaɓar furofela, wadda ke lanƙwasa ta kowace fuska, ya haɗa kowane injin da bayan kujerar da sandar ƙarfe. Ƙaramin allon Arduino, wanda aka ƙirƙira a Italiya a 2005, shi ke ba da umarni, manhaja irin SimTools kuma ita ke faɗa masa abin da motar cikin wasan take yi. Idan injinan biyu suka tura tare, kujera ta yi gaba. Idan ɗaya ya tura ɗaya ya ja, ta karkata. Wanda aljihunsa ya fi nauyi sai ya bi tsarin SFX-100, zanen da wasu Jamusawa suka saki kyauta: ƙafa huɗu, kowace da injin lantarki mai wat 750 da dunƙulen zare na ƙarfe da ke ɗaga ta har milimita 100, wasu sassan kuma a buga su da na'urar 3D.

Duk wannan da ba zai yiwu ba in da wasannin sun ɓoye lissafinsu. iRacing da Assetto Corsa da rFactor 2 suna fitar da bayanin gudu, karkata da motsin kowace taya sau da dama cikin daƙiƙa ɗaya. A ganina wannan ne babban dalili, ya fi arhar injinan muhimmanci, domin ƙarfe ba ya motsi sai an faɗa masa inda zai nufa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kujerar ba ta iya ba jiki abin da mota ke ba shi. Direban Formula 1 idan ya danna birki yakan ji ƙarfin da ya kai ninki biyar na nauyinsa. Kafin na'ura ta riƙe ƙarfi daidai nauyin mutum sau ɗaya tak na daƙiƙa biyu, sai ta yi tafiyar kusan mita 20. Ƙafa mai milimita 100 kuwa kafin kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa ta ƙure. Saboda haka wayo ake yi wa jiki. Kujerar takan fizga kaɗan a farkon birki, sannan ta lallaɓa ta koma tsakiya a hankali yadda ma'aunin daidaito da ke cikin kunne ba zai farga ba. Don ƙarfin da ke daɗewa kuma sai a karkatar da mutum, nauyinsa ya yi aikin: karkatar digiri 30 tana ba da rabin nauyin jiki. Sai dai wa zai iya tuƙi a karkace haka?

A nan sababbin maƙera ke faɗuwa. Wanda ya yi watanni yana walda da ɗaure kusoshi so yake ya ga abin yana tsalle, sai ya ƙure motsin. Sakamakon shi ne jiri da tashin zuciya, musamman idan kujerar ta makara, ido ya riga ya ga kwana jiki bai ji ba. Masu sa tabarau na VR sun fi shan wuya, don tabaraun kan ɗauki motsin kujera a matsayin motsin kai, sai an sa wata manhaja ta cire shi. Waɗanda suka daɗe a harkar yawanci rage motsi suke yi, ba ƙarawa ba. Ƙera ƙarfen ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan saita shi.

Shin kujera mai motsi tana ƙara gudu? Ba lallai ba. Akasarin ƙwararrun 'yan gasa a kan kujera kafaffiya suke tsere, domin ƙafar da ke auna birki ta fi son wuri mai tsayawa cak. Jann Mardenborough, wanda ya lashe gasar GT Academy ta Nissan da Sony a 2011 ya zama direban gaske, a ɗakinsa ya ƙware da sitiyarin wasan Gran Turismo. Amfanin motsi na zahiri ɗaya ne da ba a musu a kansa sosai: mutum ya ji bayan mota ya fara sulɓewa kafin idonsa ya gani. Sauran duk daɗi ne, kuma neman daɗi ba laifi ba ne, muddin mutum ya san abin da kuɗinsa ya saya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Akwatunan sarrafa injinan kujerun suna da wani siririn kuka mai shiga kunne, kuma hayaniyar lantarkinsu kan rikita wayoyin USB, sitiyari ya ɗauke ana tsakiyar tsere. Girgiza tana bin daɓe ta sauka wa maƙwabcin da ke ƙasan bene. Mafi muni, ƙafar da ke ɗaga babban mutum da kujerarsa ba ta bambanta ƙarfe da yatsan yaro, shi ya sa maɓallin tsayar da komai nan take ya zama dole, kusa da hannun direba.

Kamfanoni sun lura, suna ta fito da ƙananan na'urori masu sauƙin kuɗi, kamar yadda Fanatec ta karya farashin sitiyari mai haɗe kai tsaye da injinsa a 2021. Su kuma maƙeran gida da dama sun karkata ga abin da ya fi ƙanƙanta: bel mai matse ƙirji lokacin birki, da 'yan na'urorin girgiza da ake ɗaurewa ƙarƙashin kujera ana sarrafa su da manhajar SimHub. Bel ɗin yana iya riƙe matsi har birki ya ƙare, abin da ƙafafu huɗun ba sa iyawa.