Manhajar da ke auna nauyin kwamfuta ita ma tana da nata nauyin

Idan kwamfutar tebur ta fara nawa, abin da masu gyara suka fi fara buɗewa a Windows shi ne Task Manager, wanda ake kira Gestionnaire des tâches a na'urori masu Faransanci. Yana nuna rabon da kowace manhaja ke ci daga CPU, RAM, faifan ajiya da intanet.

Sai dai shi ma yana cin nasa rabon. Da zarar an buɗe shi, ma'aunin CPU kan yi sama na ɗan lokaci sannan ya sauko. Wasu kan ɗauka ƙwayar cutar kwamfuta ce ke ɓuya, har su biya kuɗi a goge na'urar, su yi asarar takardunsu. Galibi kuwa tashin manhajar ne da tattara bayananta ke jawo hakan.

Task Manager na sabunta alƙalumansa kowace daƙiƙa 1, amma ana iya mayar da shi daƙiƙa 4 domin rage nauyi. A Linux, manhajar top na yin haka duk daƙiƙa 3.

A tsohuwar kwamfuta, manhajar sa ido guda ɗaya ta isa, kuma gara a rufe ta da zarar an gama dubawa.