Ɗakin Kaɗaici A Gidan Yari: Horo Ne Ko Haukatarwa?

Duk wanda ya girma a Garwa ya san yadda sunan Cholire ke sa gaban manya faɗuwa. A zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, can ake kai fursunonin siyasa, nesa da dangi. Marubuci Albert Mukong na cikin waɗanda suka sha wannan ɗauri. A 1994, kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke cewa tsarewar da Kamaru ta sake yi masa daga baya, ba ya ganin kowa, zalunci ce.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun ce doguwar keɓewa tana haddasa rashin barci, firgita, jin muryoyin da babu su, har da yunƙurin kashe kai. Shi ya sa Ƙa'idojin Mandela na 2015 suka haramta kulle fursuna shi kaɗai awa 22 a rana fiye da kwana 15 a jere.

Muna roƙon hukumomin gidajen yarin Garwa da Marwa su riƙa rubuta ranar da aka sa mutum a ɗakin horo, likita kuma ya duba shi kullum. Fursunan yau, gobe maƙwabcinmu ne a unguwa.