Nagge Daɗi Goma

Da hantsi, bayan raɓa ta ɗauke, garken yakan gangaro burtali daga gindin duwatsun Rano, farare fat, masu baƙin kunne da baƙin hanci. Bunaji ke nan. Tsohuwar saniya ce ke jan gaba, don ita ta san mashaya, kuma inda saniyar gaba ta sha ruwa nan ta baya ke sha. Balbela na biye, tana cafke farin da kofato ya tasa.

Matsa kusa ka ga yadda saniyar take ci. Ba ta da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri. Da harshe take naɗo gamba ko kyasuwa, ta fizge, ta haɗiye. Tauna ta gaske sai ta kwanta a inuwa tana tuƙa, ido a lumshe. Cikinta kashi 4 ne, kuma a tumbi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narka mata ciyawa. Idan furotin ɗin abincinta ya gaza kashi 7 cikin 100, sai su yi sanyi, saniya ta cika ciki amma ta rame. Wannan ne ke ba ni tausayi a bazara: ga busasshiyar ciyawa, ga kara, tana ci, haƙarƙari na fitowa, tozo na kwanciya, hantsa ta yamutse.

Makiyayin Kibiya ya san maganin tun kaka da kakanni. Yana tanadin harawar wake da ta gyaɗa a kan reshe, ya jiƙa dusa, ya ba da kanwa. Ga kuma gawo, bishiyar da ke kakkaɓe ganye da damina ta yi kore shar da rani, tana zubo 'ya'ya daidai lokacin da daji ya ƙone. Wasu sukan nufi wajen Tiga neman ɗanyar ciyawa, sai dai fadama na da ciwon hanta. Gyauron dawa ma abin tsoro ne, yakan kashe saniya nan take.

Fulani na cewa daga ruwa shanu suka fito, suka bi wani yaro da wutar da ya hura. Har yau da damina, in magariba ta yi, za ka gan su sun kewaye hayaƙin ruga, suna gudun cizon ƙuda da sauro.

An ƙirga wa nagge, wato saniya, daɗi goma, nono da man shanu da nama da fata, amma ni wanda na fi gani shi ne taki. Kaso mai yawa na abin da ta ci yana komawa ƙasa ta kashi da fitsari. Shi ya sa manomi kan roƙi Bafillatani ya sauka a gonarsa bayan girbi, har ya auna masa dawa. Wanda ya kwaso busasshen kashi a mangala ya bar ƙarfin fitsarin a can inda shanun suka kwana.

Da asuba sai a saki ɗan maraƙi ya fara tsotsa, don Bunaji ba ta sakin nono in ba ta ga ɗanta ba. Sannan a janye shi, a ɗaure a ƙafarta, a tara ƙwarya. Da rani da ƙyar ake samun lita 1, sauran a bar wa maraƙin.