Mai Koyon Ba da Shawara: Kunne Kafin Baki

Ina gai da mutanen Rufa'a, da na Hasahisa a ƙetaren kogi, da na Wad Madani, da na Mai Wurno can wajen Sinnar, da dukan ƙauyukan Hausawa na ƙasar Jazira. Ina gai da na cikin rumfa da na bakin tasha, da masu agashe, da masu albasa, da mata masu shayi. Maganarmu ta yau a kan wani aiki ne wanda ba a kasa shi a faifai, amma kullum ana nemansa a kasuwa. Watau zama da mutum wanda zuciyarsa ta yi nauyi, har ya sami sauƙi, ya ga hanya. Ana ce da shi ba da shawara. Sunan nan ya kan ruɗi mai koyo, gama shawarar ita ce ƙaramin kashi a cikin aikin.

Ɗan'uwa, ba sai na faɗa maka abin da ya sami ƙasar nan ba. Yaƙi ya tashi a Khartum ran 15 ga Afrilu 2023. A watan Disamba na shekaran nan ya iso Wad Madani. A watan Oktoba 2024 kuma aka auka wa garuruwa da ƙauyuka na gabashin Jazira, mutane suka watse da abin da ke jikinsu. Wanda ya komo ya tarar da gida ba ƙofa. Wani ya binne ɗa a hanya. Wani har yau ba ya barci. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, tun kafin yaƙi kaɗan ne, yawancinsu ma a Khartum su ke zaune a lokacin. To, mai damuwa ina za shi? Wurinka zai zo. Zai tsaya bakin rumfarka kamar mai ciniki, ya taya abin da ba zai saya ba, ya daɗe bai tafi ba. In ka ga haka, magana ce a bakinsa.

Kada ka ce, "Ni ban yi makaranta mai zurfi ba." A birnin Harare na ƙasar Zimbabuwe, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya fara koya wa tsofaffin mata wannan aiki a 2006. Sai su zauna a kan benci a harabar asibiti, mai damuwa ya zo ya zauna tare da su, zama kamar shida. Cutar da su ke magani, mutanen can suna ce da ita yawan tunani, daidai yadda mu ke faɗa. Da aka gwada aikinsu, aka buga sakamako a 2016, sai aka ga bayan wata shida kamar 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da su ne kaɗai baƙin ciki bai sake su ba, alhali a cikin waɗanda ba su zauna ba wajen 50 ne cikin 100. Tsofaffin nan ba allura suka yi wa kowa ba. An koya musu ne, suka koya. Da koyo a kan iya.

Bari in faɗa maka kuskurena na fari. Wani magidanci ya zo wurina da yamma, ya ce ransa ya ɓaci. Kafin ya gama jimla biyu na riga na san maganin, a ganina. Na yi ta zuba masa nasiha har duhu ya yi. Ya yi godiya, ya tashi, bai sake dawowa ba. Ashe abin da ya kawo shi bai kai ga faɗarsa ba ma. Na ba shi amsar tambayar da bai yi ba. Tun daga ran nan na gane, baƙo ba ya kwance kayansa a bakin zaure. Sai ya ga an yi masa shimfiɗa.

To, ga yadda a ke farawa. Ka nemi wurin da kunne na uku ba zai ji ba, amma ido ya iya gani, don kada a yi zargi. Bayan rumfa ya isa, ko gindin itace. Ka zauna daidai da shi. In yana kan tabarma, kada ka hau kujera. Ka ajiye waya. Ka ba shi ruwa, ku gaisa sosai yadda aka saba, gama mu ba mu shiga magana ba sallama. Mace kuwa, mace ta fi dacewa da ita, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. 'Yar'uwa mai ji na, duk abin da na ke faɗa wa namiji, ke ma da ke na ke.

Sa'an nan ka buɗe ƙofa da tambaya mai faɗi. Kada ka ce, "Bashi ne ya dame ka?" gama zai ce i ko a'a, magana ta mutu. Ka ce, "Baba, na ga kwana biyu ba ka da walwala. Me ke tafe?" In ya fara, ka kama bakinka. Nan ne wahalar aikin duka ta ke. Zai yi shiru a tsakiyar magana, shirun ya yi maka tsawo, harshenka ya yi ta ƙaiƙayi. Ka bar shi. A cikin shirun nan ne ya ke auna ka, yana duba ko za ka iya ɗaukar abin da ya rage. Sau da yawa babbar maganar bayan shiru ta ke fitowa. Ka dubi fuskarsa da hannuwansa kuma, labarin zuciya a tambayi fuska.

In ya sauke numfashi, ka mayar masa da abin da ka ji, a gajarce, da kalmominka. Misali ka ce, "Baba, in na fahimce ka, ba asarar kayan ce ta fi ci maka rai ba. Kunyar 'ya'yanka ka ke ji, da ya ke yanzu su ke ciyar da kai. Haka ne?" In ka yi daidai, za ka ga kafaɗarsa ta sauko. In ka yi kuskure, zai gyara maka, wannan ma riba ce. Kai da ka ke auna hatsi ka san ba a juye mudu sai mai saye ya gani da idonsa. Haka nan ba ka wuce magana sai mai ita ya yarda ka ji ta daidai.

Akwai kalma guda wadda na ke so ka yi hankali da ita, ko da ya ke kalma ce mai kyau. Ita ce "yi haƙuri." Ba na raina haƙuri, shi ne maganin zaman duniya. Amma in ka faɗe ta tun mutum bai gama ba, abin da zai ji shi ne, "Ya isa, rufe bakinka." Haka kuma "wasu sun fi ka hasara," da "namiji ba ya kuka." In ya yi kuka, ka bar shi ya yi, ba a gabanka ya fara ba. Kada kuma ka matsa masa ya ba ka labarin ranar da abin ya faru dalla-dalla. Littafin taimakon farko ga zuciya wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2011 ya hana wannan sarai. Abu uku ya koyar: ka duba, ka saurara, ka sada mutum da abin da ya ke bukata. Wani lokaci bukatar ba magana ba ce. Abinci ne, ko labarin ɗan'uwa da ya ɓace, ko wurin kwana.

Sai bayan wannan duka a ke zuwa ga shawara, ita ma ba daga bakinka za ta fito ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Ka taimake shi ya jera damuwarsa ɗaya ɗaya, ku ware wadda hannunsa zai iya taɓawa da wadda ta fi ƙarfinsa. Yaƙi ya fi ƙarfinsa. Amma maganar mai binsa bashi ba ta fi ba. Ku ɗauki guda ɗaya, ƙarama. Ka tambaye shi, "Da ka shiga irin wannan a dā, yaya ka yi? Wa ka ke da shi wanda zai raka ka?" Shi zai zaɓi abin da zai yi, da ranar da zai yi. Ku sa rana kuma ya komo ya faɗa maka yadda ta kaya. Kusan haka tsarin da Hukumar nan ta fitar a 2016 ya ke, don waɗanda ba likitoci ba: zama biyar, mako mako, ana koya wa mutum jan numfashi a hankali, da warware damuwa guda guda, da komawa ga aikinsa da mutanensa.

Asiri fa? Magana zarar bunu ce. Abin da aka faɗa maka a bayan rumfa, in ya kai majalisar masu shayi, ka kashe aikin, ka kuma ƙara wa mutum ciwo a kan ciwo. Ko matarka kada ta ji. Amma tun farko ka faɗa masa iyakarka: in rai yana cikin hatsari, tilas ka nemi taimako. In ka ji yana cewa ya gaji da duniya, ka tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. In ya ce i, kada ka bar shi shi kaɗai, ka kira wani nasa wanda ya amince da shi, a kawar da maganin ƙwari na gona da makami daga gidan, a kai shi asibiti. Wanda ya ke jin muryoyi, ko ya daina ci da sha, shi ma na likita ne. Macen da aka yi wa fyaɗe kuwa, a yi ƙoƙari ta ga ma'aikaciyar lafiya cikin kwana 3, gama akwai maganin kariya wanda ba ya aiki in an wuce haka, amma da yardarta, ba da tilas ba. Miƙa mutum gaba ba kasawa ba ce. Dokta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na fari a Sudan, wanda ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a Khartum Bahri a 1949, bai raina malamai da dattawan gari ba, ya nemi yin aiki tare da su. Kai ma kada ka raina likita.

A ina za ka ƙara sani? Ku mutanen Rufa'a kuna da gado a wannan. A garinku ne Shaihu Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907, da yara 17. Daga wannan iri Jami'ar Ahfad ta mata ta tsiro a Umdurman, ta koyar da ilmin halin ɗan adam, a 2012 kuma ta buɗe cibiya don waɗanda tashin hankali ya taɓa zukatansu. In ka ji masu irin wannan ilmi sun zo koyarwa kusa da kai, ka rufe rumfa kwana biyu ka je.

Kafin nan, ga abin da za ka fara a makon nan. Ka sami aboki, ku zauna bayan an tashi kasuwa. Ya yi maka maganar wata ƙaramar damuwa tasa minti 10, kai ba ka ba da shawara ko ɗaya, sai tambaya da mayar da abin da ka ji. Sa'an nan ku juya. Daga baya ka tambaye shi, "A ina na katse ka? A ina ka ji na fahimce ka?" Za ka yi mamakin yawan katsewarka. Ka nemi kuma wani babba mai hankali wanda za ka riƙa kai masa abin da ya shige maka duhu, ba tare da ka ambaci sunan kowa ba. Kai ma yaƙin nan ya bi ta kanka. Ran da ka ji labarin wani ya tashe maka naka har ka kāsa barci, ka faɗa wa babban nan, ka huta kwana kaɗan, ka gaya wa mai zuwa wurinka ranar da za ku sāke zama.