BATIRIN TOCILA: KAI NE MAI GADINSA



Yau a Ɗan Barto da wuya ka shiga gidan da babu tocila. Da ita makiyayi yake duba garke da dare. Da ita mai lambu yake zagaya rakensa. Da ita muke ganin maciji da kunama. A da pil muke saye, in ya ƙare mu yar. Yanzu tocila mai caji ta cika kasuwa, tun daga Matameye har Daura. Amma batirinta ba irin pil ɗin da muka saba da shi ba ne.

Ga abin da na gani da idona. Wani dare a cibiyarmu ta yaƙi da jahilci muna cikin lissafi, sai wani ɗalibina ya zabura yana kakkaɓe riga. Hayaƙi yana fita daga aljihunsa. Ashe batiri ya saka tare da makullai. Riga ta ƙone, fatar cinya ta sale. Da a gindin rumbu abin ya faru, da hatsin shekara ya tafi.

WANE IRIN BATIRI NE?

Sunansa litiyom. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara sayar da irinsa a 1991. Wanda aka fi sa wa tocila shi ne mai lamba 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa milimita 65. Ƙarfin pil ɗin rediyo bolt 1 da rabi ne. Wannan kuwa in ya cika yana ɗan wuce bolt 4. Ƙarami ne, amma wutar cikinsa da yawa. Ko manyan kamfanoni ya ba su wahala. A 2016 sai da Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa, don batirinta yana kama wuta.

Iri biyu ne. Akwai mai kariya. An sa masa ƴar na'ura a gindi, shi ya sa ya ɗan fi tsawo. Ita take yanke wuta in caji ya yi yawa, ko batiri ya zuƙe ƙwarai, ko ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa. Akwai kuma marar kariya, kamar wanda ake cirowa daga tsohuwar kwamfuta. Wannan sa ne marar turke. Ba shi da mai gadi sai kai.

GA ABIN DA ZA KA KIYAYE

1. Duba ledar jikinsa. Duk jikin ƙarfe ne mai ɗauke da wuta, ledar ce ta rufe shi. In ta yage, ko batirin ya lotse, ko ya yi tsatsa, ka daina aiki da shi.

2. Kada ka sa shi a aljihu tare da makulli, kuɗin ƙarfe ko wuƙa. Naɗe shi a leda, kowane ɗaya dabam.

3. In hasken tocila ya fara dushewa, kashe ta. Kada ka matse batiri sai ya mutu sarai. Wanda ya zuƙe haka ya lalace a ciki, yana iya kama wuta wajen caji.

4. Yi caji da caja tasa, wadda take tsayawa da kanta in ya cika. Kada ka jona shi da waya kai tsaye a batirin babur ko a farantin sola.

5. Yi caji da rana, a inuwa, a ƙasa, kana kusa. Ban da kan katifa, ban da kusa da harawa, kara ko fetur. In ya yi zafin da hannu bai iya riƙewa, cire shi.

6. Kada ka bar shi a rana. Kun san zafin bazara a Damagaram.

7. In tocilarka mai cin biyu ce, sa iri ɗaya, masu caji ɗaya. Tsoho da sabo ba sa tafiya tare.

8. A kasuwa, in ka ga an rubuta 9900 mAh a jikinsa, ƙarya ce. Na gaskiya yana tsayawa wajen 3500. Ga amfanin karatu ke nan.

IN YA FARA HAYAƘI

Janye yara, ka ja da baya. Kada ka shaƙi hayaƙin, guba ne. In da hali, tura shi fili da doguwar sanda. Zuba masa yashi ko ruwa mai yawa. Bar shi nan har gobe, don yakan sake tashi. Wanda ya ƙone a yi ta zuba wa wurin ruwa mai tsabta, a kai shi likita.

Mataccen batiri kada a jefa shi a wuta, ko a rijiya, ko a jujin da za a kai gona. Kada a bar yara su fasa shi. A like kansa da gindinsa da leda, a ajiye shi a tsohuwar tukunya cikin yashi, nesa da ɗaki.

Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu da gobara, amin.

Daga malamin yaƙi da jahilci, Ɗan Barto